Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamnan Jihar Maradi a Ɗakin Renon Naman Kaza

Assalamu alaikum. Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe, da wakilin Mai Martaba Sarkin Katsinar Maradi, da malamanmu da ɗalibai, lale marhabin. Sannunku da zuwa, sannunku da wannan rana mai zafi.

Ranka ya daɗe, in an jima za a ba ka hula da takunkumi, a roƙe ka ka wanke hannu kafin ka shiga ciki. Muna neman afuwa tun yanzu, abin da muke reno ne ba ya jure ƙura ko kaɗan.

Kowa a nan ya san lemar kwaɗi, wato naman kaza, wadda ke tsirowa da damina gindin suri ko jikin ruɓaɓɓen icce. Ita wannan lemar 'ya'ya ce kawai. Uwar tana ɓoye, farin zare ne siriri kamar saƙar gizo, kuma shi muke renowa. Mukan yanki ɗan ƙanƙanin tsoka daga cikin lemar, mu ɗora a faranti bisa abincin da aka haɗa da ruwan dankalin Turawa da sukari da agar (wani gari ne na ciyawar teku mai sa ruwa ya daskare), bayan an turara shi a tukunyar matsi a zafin digiri 121. Cikin mako guda zuwa biyu zaren ya rufe farantin. Daga nan sai mu mayar da shi kan dafaffiyar dawa, ita ce irinmu. Wanda ya yi sakaci ko da na minti ɗaya, koriyar funfuna zai tarar ta cinye masa aikin wata guda. Na ga ɗalibar da ta yi hawaye a kan haka, kuma ban ga laifinta ba.

Nau'in da muka fi ba ƙarfi shi ne Ganoderma, wanda mutanen Sin suka daɗe suna sha don lafiya. Ba ma ce wa kowa ya bar maganin likita, bincike muke yi. Amma penisilin ma daga funfuna aka gano shi a 1928.

Abin da ke ƙarfafa mana gwiwa, abincin wannan zare yana ƙofar gidanmu: karan gero, ɓawon gyaɗa, dusa, garin katako daga wurin kafintoci.

Kukanmu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Zaren yana son digiri 25 zuwa 28, alhali zafin Maradi a watan Afrilu yakan haura 40. Wuta na ɗaukewa, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, irin ya lalace. Muna roƙon a taimaka mana da faifan hasken rana da batura.

Allah ya ja zamaninka, ya mayar da kai gida lafiya. Bismillah, ga ƙofa.