Kumfar nan ba ita ke wanke oben ba

Uwargida da amarya barkanku da aiki. Tun bayan Sallah wani bidiyo ke ta yawo a WhatsApp, a zuba bekin soda a tuttula binega a kai ya taso fuuu, wai shi ke cire maiƙon da ya ƙone a oben. To ga shi nan, ga kumfa har ta ƙoshi, ga maiƙon yana nan daram.

Ku tsaya ku ji. Bekin soda dangin kanwa ce, binega kuma tsami ne, in suka haɗu kashe juna suke yi, daidai da yadda kike jefa 'yar kanwa a miya in tumatir ya yi tsami. Kumfar iska ce kawai ke fita, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne, kin yi asarar duka biyun kenan. Kyan kallo dai akwai, ban musa ba.

Don haka a raba su. Ki kashe gas ko ki zare soket, ki bari oben ɗin ya huce, ki fitar da ragar ki jiƙa a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke. Rabin kofi na bekin soda, ruwa kamar cokali 3, ki dama ya yi kauri ki shafe ciki, banda ƙarfen da ke yin zafi da ramukan wuta. In kin je kasuwar Sabon Gari ko Samaru ki duba gwangwanin da kyau, bekin soda, ba bekin fauda ta kek ba, ita waccan da tsaminta a ciki.

Sai ki rufe ki je ki kwanta. Eh, kwana zai yi, don a hankali yake jiƙa maiƙon, mai gaggawa sai dai ta dirje hannunta a banza. Da safe kin ga ya koma ruwan ƙasa, ki kwashe da jiƙaƙƙen tsumma, soson ƙarfe kam a'a, kankare fentin yake.

Yanzu ne binega zai shigo, ki fesa ya ɗauke farin da ya rage, lemun tsami ma ya yi.

Masu ƙara Hypo ko Jik a kan binega kuma, don Allah ku bari, iska mai guba yake fitarwa.