Amsoshin Tambayoyinku: Fiyano biyu sun ƙi yin magana

To jama'a sai tambaya ta gaba, wani ƙanenmu ne ya rubuto daga Karantina nan Jidda, yace yana kiɗan biki da fiyano ƙirar Korg sai ya tsinci wata tsohuwar Yamaha a Haraj, kasuwar kayan gwanjo, ya sayo wayar MIDI ya jona su don in ya taɓa ɗaya ɗayar ma ta amsa, amma shiru kake ji, wai ko wayar ce jabu?

Ɗan'uwa kar ka je ka tada wa mai shago jijiyar wuya tukuna. Juya bayan fiyanon, zaka ga ramuka zagayayyu masu ƴan huji biyar biyar, an rubuta IN da OUT, wasu harda THRU. Wadda zaka riƙa taɓawa daga OUT ɗinta waya zata fito ta shiga IN na ɗayar, wallahi yawanci nan ake ɓata, mutum yaga OUT da OUT sunansu ɗaya sai ya aurar dasu.

Kuma wayar nan fa ɗan aike ce kawai, bata ɗaukar sauti ko kaɗan, abin da take kaiwa shine an danna wuri kaza da ƙarfi kaza, an saki. Kenan Yamahar da muryarta zata yi kuka, in baka ƙaro mata bolum ba ko baka ja mata tata wayar zuwa mikisa ba ko kwana zakayi kana danne danne ba abin da zaka ji. Sai tasha, wato layin da saƙon ke bi, guda 16 ne, in Korg na aikawa ta 1 ita ma ta saurari 1. Ta 10 a ƙa'ida ta ganguna ce, ka bar ta can sai ka nemi goge kaji ana maka dukan ganga.

Kar tsufanta ya dameka, tun 1983 ake wannan haɗin, a farkon shekarar aka jona fiyano biyu, Prophet-600 da Jupiter-6 ta kamfanin Roland, gaban jama'a a Amurka, kamfani daban daban kuma suka ji maganar juna.

Ke kuma ƴar'uwa da kika rubuto daga Shara Mansur a Makka cewa fiyanon yaronki ramin USB to Host kaɗai ke baya, fiyano biyu masu irin wannan ramin kaɗai basa jonuwa kai tsaye, sai kwamfuta ko wata na'ura mai irin aikinta ta shiga tsakani.