Fodkas: Me Private Relay ke ɓoyewa, me yake bari a fili?

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Gusau muke. Auta, kai ka kawo maganar, bismillah.

Auta: Hajiya, samarinmu masu iPhone ne suke ta cika baki. Wai da zarar ka biya iCloud+, wato tsarin Apple na biyan kuɗi, ka kunna Private Relay da ke cikinsa, ko kamfanin layinka bai san abin da kake yi ba. Malam, haka ne?

Malam: Da gaskiyarsu, amma sun ƙara mata gishiri. A 2021 Apple ya fito da shi tare da iOS 15. In ka buɗe shafi a Safari, manhajar shiga intanet ta iPhone, 'yan aike biyu ke kai saƙonka. Na farko na Apple ne, ya san lambar IP ɗinka, wato adireshin wayarka a intanet, amma bai san inda ka nufa ba. Na biyu wani kamfani ne daban, irin su Cloudflare ko Akamai ko Fastly, ya san shafin amma bai san mai aiken ba. Dabarar ke nan, kuma tana da kyau.

Hajiya: A Safari fa ka ce.

Malam: Yauwa, nan gizo ke saƙar. Abin da yake rufewa shi ne lilon Safari, da tambayar DNS, wato neman adireshin shafi, sai ɗan abin da manhajoji ke aikawa ba a kulle ba. Auta, sau nawa ka buɗe Safari yau?

Auta: Wallahi ko sau ɗaya. WhatsApp ne da TikTok da Facebook.

Malam: To duk waɗannan hanyarsu daban. Chrome ma haka. Kuma ko a Safarin, in ka shiga Facebook da sunanka da lambarka, me ka ɓoye? Kai da kanka ka yi sallama ka faɗi sunanka.

Hajiya: Ni abin da ke ba ni haushi, mutane na ɗaukarsa VPN. Lokacin da aka rufe Twitter a Yunin 2021, kowa ya koma VPN yana zaɓar Ingila ko Amurka. Shi Private Relay ba ya ba ka zaɓin ƙasa.

Malam: Ko kaɗan. Da gangan yake barin shafin ya san ƙasarka da agogon yankinka. Kuma a Satumbar 2021 kamfanin FingerprintJS ya nuna cewa ta WebRTC, fasahar kiran murya da bidiyo a shafin intanet, ana iya gano ainihin IP na mai iOS 15, duk da ya kunna abin.

Auta: Satumbar da aka yanke mana sabis a Zamfara ke nan.

Malam: Ita fa. Hakan ma ya isa ya nuna maka iyakarsa. Layinka na haɗe da NIN, kamfanin ya san eriyar da wayarka ke kamawa, ya san wanda ka kira da ƙarfe nawa. Private Relay bai taɓa cewa zai rufe wannan ba.

Hajiya: Alhazanmu kuma su sani, Saudiyya na cikin ƙasashen da Apple ya ce ba zai yi aiki ba tun farko, da Sin da Masar.

Auta: A wayfai na ofis ko makaranta fa?

Malam: Mai kula da intanet ɗin wurin na iya toshe shi. Wayar za ta sanar da kai, ko ka kashe shi ka ci gaba, ko ka nemi wata hanyar.