Hanyoyin Keke na Peak District: Inda Jirgin Ƙasa Ya Bar wa Masu Keke Gado

Jama'a, ku dubi wannan hanya da kyau. Farar tsakuwa ce shimfiɗe, ta miƙe tsakanin katangun duwatsu, tumaki na kiwo dama da hagu, kuma duk tsawonta babu mota ko ɗaya. Nan Peak District ne a ƙasar Ingila, tsakanin biranen Manchesta da Sheffield, yankin da a shekarar 1951 ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya. Ƙasa ce ta tuddai da kwaruruka, amma mai keke zai yi tafiyar kilomita 20 a cikinta ba tare da hawa ya galabaitar da shi ba. Me ya kawo haka?

Dalilin yana ƙarƙashin tsakuwar. Kusan duk waɗannan hanyoyi tsofaffin layukan dogo ne. Ƙafar jirgin ƙasa ƙarfe ce, tana gudu a kan ƙarfe, don haka ba ta kama hanya kamar yadda tayar roba ke kama kwalta. Da hawa ya yi tsanani sai ta fara santsi. Dole ta sa magina layin dogo suka riƙa rarrashin ƙasa: inda tudu ya tare su sai su yanka shi ko su huda shi, inda kwari ya buɗe baki sai su cike shi ko su ɗora masa gada. Babban layi yakan hau kamar mita 1 a cikin kowace mita 100. Da motoci suka yi yawa, fasinja da kaya suka ragu, an rufe layuka da dama a Birtaniya, musamman bayan rahoton Beeching na 1963, wanda ya ba da shawarar rufe layukan da ba sa kawo riba. Aka kwashe ƙarafan, amma aikin ƙasar ya zauna. Hukumomin yankin suka sayi wasu, suka zuba dakakken dutsen farar ƙasa, suka buɗe su ga masu tafiya a ƙafa, masu keke da mahaya dawaki.

Bari mu fara da wadda ta fi suna, wato Monsal Trail. Tsawonta mil 8 da rabi, kusan kilomita 14, daga kusa da garin Bakewell zuwa Blackwell Mill. Layin kamfanin Midland ne da ya haɗa Manchesta da Landan. An gina wannan ɓangare a 1863, aka rufe shi a 1968, sannan aka buɗe shi a matsayin hanyar shaƙatawa a 1981. Sai dai shekaru da yawa ramukan da layin ya huda ta cikin duwatsu a rufe suke, mutum ya zo bakinsu dole ya kewaya ta ƙananan hanyoyin da keke ba ya bi. A 2011 aka gyara huɗu daga cikinsu, wato Headstone, Cressbrook, Litton da Chee Tor, aka sa musu fitilu. Daga ranar hanyar ta zama guda, ba yanki-yanki ba.

Wurin da nake so ku ɗan tsaya shi ne ramin Headstone. Ya kusa rabin kilomita. Kana shiga za ka ji sanyi ya sauko maka, ruwa na ɗiga daga sama, ƙarar sarƙar kekenka na dawo maka daga bango. Can gaba sai ka hango haske, kana fita kuma sai ka tsinci kanka a kan gada mai baka biyar, kogin Wye na gudana can ƙasa, kwarin Monsal ya buɗe kore shar. Ba a shirya wannan domin mai yawon buɗe ido ba. Injiniya ne kawai ke neman hanyar da jirgi zai wuce. Amma a ganina, ko don wannan fitowa kaɗai tafiyar ta biya kuɗin sabulu. Abin lura ɗaya: fitilun ramukan da rana ake kunna su, don haka wanda zai yi yamma ya riƙe tasa fitilar. Kuma Monsal tana cika maƙil a ranakun hutu, yara da karnuka da tsofaffi duk suna kai. Mai son gudu ya yi sammako ko ya nemi wata.

Wata hanyar kuwa ita ce Tissington Trail. Mil 13 ce, kimanin kilomita 21, daga Ashbourne zuwa Parsley Hay. An buɗe layinta a 1899, ta koma hanyar shaƙatawa a 1971, tana cikin na farko-farko da aka yi wa haka a Ingila. Daga Ashbourne zuwa arewa hawa ne a hankali, wanda ido ba ya gani sai dai cinya ta ba ka labari. Shawarata a nan mai sauƙi ce: ka fara daga ƙasa, ka hau tun kana da ƙarfi, dawowa ta zame maka gangare. Wanda ya fara daga sama yakan ji daɗi ya yi nisa, sai lokacin juyowa ya gane bashi ya ci.

A Parsley Hay ne take haɗuwa da High Peak Trail, kuma a nan labarin ya ɗan sauya. Wannan mil 17 ce, kimanin kilomita 27, daga Dowlow kusa da Buxton zuwa High Peak Junction a Cromford. An gama layinta a 1831, tun aikin jirgin ƙasa yana jariri, domin haɗa hanyoyin ruwa biyu da aka haƙa don jigilar kaya: ta Cromford da ta Peak Forest a Whaley Bridge. Maginanta da tunanin hanyar ruwa suka yi aiki. Sai su shimfiɗa layi a miƙe, dawaki na jan taragu, idan an zo tudu kuma su kafa injin tururi a ƙolinsa ya jawo taragun da sarƙa. Har yau ɗakin injin Middleton Top na nan tsaye da injinsa na 1829. Ma'anar wannan ga mai keke ita ce, dokar nan ta cewa tsohon layin dogo ba shi da hawa ba ta aiki a ƙarshen Cromford. Gangaren Middleton da na Sheep Pasture sun kai kusan mita 1 cikin 8, na Hopton kuma 1 cikin 14. A kan tsakuwa, wannan ba abin wasa ba ne. Idan za ka sauka, ka ja jikinka baya, ka matsa birki biyu a hankali tun daga sama, kada ka damƙe na gaba farat ɗaya. In kana tare da yara, babu kunya a sauka a tura.

Akwai kuma Manifold, mil 8 tsakanin Hulme End da Waterhouses, a kan ƙaramin layin da ya yi aiki daga 1904 zuwa 1934. Kyakkyawa ce, kogon Thor na hangen ta daga sama. Amma kwalta ce, kuma wani sashe nata motoci na bi, har da ramin Swainsley. Wanda ya zo don guje wa mota ya san da haka tun kafin ya tashi.

To, wane keke ya dace? Wanda ake kira keken tsakuwa yana kama da keken tsere, abin riƙonsa a lanƙwashe zuwa ƙasa, amma tayarsa ta fi kauri, yawanci milimita 35 zuwa 50, ga birki na faifai. Amfanin kaurin shi ne ana iya rage iska. Taya mai iska sosai tana tsalle a kan kowane ɗan dutse, ta gajiyar da hannu, ta rasa kamu a kwana. Wadda aka sassauta wa iska kuwa tana lotsawa ta rungumi ƙasa. Masu yawa yanzu ba sa sa robar ciki mai riƙe iska. Wani ruwa suke ɗurawa a tayar wanda ke toshe ƙaramar huda da kansa. Duk da haka, gaskiyar magana ita ce waɗannan hanyoyi ba su buƙatar keke mai tsada. Duk keken da ke da taya mai ɗan faɗi da birki mai kyau zai yi. Wanda bai zo da nasa ba, ana ba da haya a Ashbourne, Parsley Hay, Middleton Top da tsohuwar tashar Hassop. Abin da ba a bari a gida shi ne famfo, kayan faci, ruwan sha, hular kwano da rigar ruwa, domin saman High Peak fili ne fayau, iska na kaɗawa babu abin da zai tare ta, kuma ruwan sama na iya sauka kowane wata. Idan an yi ruwa, ƙurar farar ƙasar takan zama laka mai kaushi da ke cin sarƙa da birki, don haka a wanke keke a sa masa mai da zarar an dawo.

Rashin mota ba ya nufin hanyar taka ce kai kaɗai, kuma wannan ne ya fi damuna idan na ga masu gudu. Idan ka tunkari mai tafiya a ƙafa daga baya, ka rage gudu ka buga ƙararrawa tun da nisa. Doki kuma daban ne: keke ba shi da ƙara, yana iya razana shi, don haka ka yi wa mahayin magana ya san kana tafe, ka wuce a hankali ka ba shi fili. Ƙofar gona da ka tarar a rufe, ka rufe ta bayanka. Idan kuma kana so ka haɗa wata hanya da wata ta cikin karkara, ka duba taswira da kyau. A Ingila, dokar 1968 ta ba masu keke damar bin hanyoyin dawaki, bisa sharaɗin su ba masu ƙafa da mahaya hanya, amma ba ta ba su damar bin hanyar da aka keɓe wa masu ƙafa kaɗai ba. Alamar hanyar dawaki shuɗiyar kibiya ce, ta masu ƙafa kuma rawaya, kuma sau da yawa za ka gan su a jikin turaku a bakin mararraba.