Fodkas: A karanta fim kafin a kalle shi?

Zainab: Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau gardama ce tsakanina da Malam Sani, Kabiru kuma alƙali. Wai Malam sai ya sauke rubutun fim daga intanet ya karance shi tas kafin ya kalla.

Malam Sani: Ba kowanne ba, Zainab. Wanda dai aka yi ta yabon labarinsa.

Zainab: To ai ka riga ka san ƙarshe! Ina daɗin?

Malam Sani: Daɗin wani wuri ya koma. A takarda layi ɗaya za ki gani: ta shigo, ta zauna, ba ta ce uffan ba. Ki zo kallo, sai ga jarumar ta toge a bakin ƙofa, hannunta na rawa, kyamara ta matso fuskarta a hankali. Nan za ki gane inda marubuci ya tsaya, da inda darakta da jaruma suka ɗora. Wanda bai karanta ba, duk yabon darakta zai ba.

Kabiru: Kuma karatun ba ya cin lokaci. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, shi ya sa ake buga shi da harafin Courier mai girman 12. Fim na awa biyu, shafi 120 ke nan ko kusa da haka.

Zainab: A ina ma ake samunsu?

Kabiru: Idan gasar Oscar, babbar gasar finafinai ta Amurka, ta gabato, kamfanonin da kansu suke sakin rubutun finafinansu don jan hankalin masu zaɓe. BBC ma ta zuba na wasanninta kyauta a shafinta. Amma fa akwai tarko, Malam.

Malam Sani: Na san inda ka dosa. A wasu shafukan intanet, wani ne kawai ya saurari maganganun 'yan wasa ya kwafe. Na gaske kuwa kowace fitowa da INT. ko EXT. take farawa, wato ciki ko waje, sai wurin, sai dare ne ko rana.

Kabiru: Ko na gasken ma, wane zubi ne, na farko ko wanda aka gyara? Har ana tsakiyar ɗauka ana gyara shi, a Hollywood shafukan gyaran ma launinsu daban, shuɗi, ruwan hoda, rawaya. Ga mai tacewa can yana jira da almakashinsa.

Zainab: Ni dai fim ɗin da ƙarshensa zai girgiza ni, ba mai sa ni karantawa tukuna.

Malam Sani: Irin wannan kam ni ma sai na kalla nake nemo rubutun, in ga daga wane shafi marubucin ya fara yi mini wayo.