Amsoshin Tambayoyinku: Sankarar Ƙashi

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar farko ta wata uwa ce. Ɗanta mai shekara 15 ya buge a wajen ƙwallo, gwiwa ta kumbura, ciwo ya ƙi lafawa, daga baya aka ce sankarar ƙashi ce. Tana tambaya ko bugun ne sanadi, kuma don me aka fara da magani ba a yi masa tiyata nan take ba.

Malama, Allah ya ba shi lafiya. Bugu ba ya haddasa wannan cuta, sai dai ya sa a lura da ita. Nau'in da ya fi kama matasa shi ne ostiyosakoma, wanda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke gina ƙashi. Ya fi fitowa inda ƙashi ke saurin tsawo: ƙarshen ƙashin cinya, saman ƙashin ƙwauri, da saman dantse. Alamarsa ciwon da ke tsananta da dare ko da ana kwance.

Batun jinkirta tiyata kuwa, da dalili. Kafin a gano cutar, galibi ƙwayoyinta sun bi jini sun sauka a huhu, ƙanana ne har hoto ba ya nuna su. Shi ya sa kafin shekarun 1970, lokacin da yanke ƙafa kaɗai ake yi, yawancin marasa lafiyar ba sa tsira. Yanzu ana ba da magungunan kashe ƙwayoyin sankara, wato metotireset, doksorubisin da sisfilatin, na kimanin mako 10, a cire ƙarin tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, a maye gurbin ƙashin da ƙarfe ko dashen ƙashi, sannan a ci gaba da magani. Idan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin ƙarin da aka cire sun mutu, magani ya karɓa sosai. Sai dai a riƙa duba zuciya saboda doksorubisin, ƙoda da ji saboda sisfilatin. Don Allah kada a tsallake zagayen magani ko ɗaya.

Wani dattijo kuma ya tambaya ko duk sankarar ƙashi haka ake maganinta. A'a, Baba. Kondurosakoma, ta guringuntsi, ta fi kama manya, kuma ba ta cika jin magani ko gashi da haske, wato rediyoterafi, ba, tiyata ce maganinta. A wajen manya ma, yawanci daga mama, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza wato furostet, huhu ko ƙoda cutar ke yaɗuwa zuwa ƙashi, don haka asalin ake fara nema.