Yadda ake raɗa wa sabuwar bakteriyar teku suna

(Lacca ga ɗaliban kimiyyar halittu a Damagaram, an rubuto ta daga faifan murya)

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa. Wani zai ce, me ya haɗa Damagaram da teku? A yi mini haƙuri, za mu iso gida.

A shekarar 2009, masani Olivier Gros yana bincike cikin itatuwan bakin teku a Gwadalup, wani tsibiri a tekun Karibiyan, sai ya ga wasu fararen zaruruwa kamar taliya, manne da ruɓaɓɓen ganye a ƙarƙashin ruwa. Tsawon kowane ya kai santimita ɗaya. Bai kawo bakteriya a ransa ba, domin ita sai da madubin ƙara girma ake ganinta.

Ido ba ya yanke hukunci a wannan aiki. Da can, siffa ake dubawa, da abincin ƙwayar, da rinin Gram na 1884, wato launin da ake sa wa bakteriya don a rarrabe su. Tun aikin masani Carl Woese na 1977 kuwa, ɓangaren gadon halitta mai suna 16S ake karantawa, a gwada shi da na waɗanda aka riga aka sani. In kamannin bai kai kashi 98.7 cikin ɗari ba, sai a fara zaton sabon jinsi ne, a koma karanta gadon gaba ɗaya. Da masaniya Silvina González-Rizzo ta karanta na zaruruwan nan, sai ga shi danginsu ɗaya da Thiomargarita namibiensis, wadda aka tsinta cikin taɓon tekun Namibiya a 1997. Ashe kowane zare ƙwaya ɗaya ce tak! Sai a 2022 aka bayyana ta da sunan Thiomargarita magnifica.

Duk da haka, ana sa mata Candidatus a gaban suna, wato alamar cewa sunan bai tabbata ba tukuna, domin ba a iya renonta ita kaɗai a ɗakin gwaji ba. Ƙa'ida ta ce sai an rena ƙwaya, an ajiye ta a ma'ajiyoyi biyu na ƙasashe daban-daban, kafin sunanta ya tabbata. Ni ina goyon bayan wannan tsanani, don kowane mai bincike ya iya nemo ƙwayar ya gwada da hannunsa.

To, ƴaƴana, ga tabkunan kanwa na ƙasar Manga, ga tabkin Gidimuni kusa da mu. Ruwan kanwa da gishiri yana da nasa bakteriya, kuma hanyar tantancewar ɗaya ce. Ku ɗebo ruwan cikin kwalbar da aka kashe ƙwayoyinta, ku rubuta wuri da rana da zafin ruwan da yawan gishirinsa tun a bakin tabki.